Yadda za ka ceto tsofaffin takardun gidanku kafin gara ko rabon gado su riga ka

Kusan duk wani babban gida a Gwandu, Argungu, Jega, Yawuri, Zuru, kai har can su Gusau da Ƙauran Namoda da Anka, akwai wata adaka ko akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado ko aka ɗora bisa wadirob, kuma tun ranar da mai ita ya rasu ba wanda ya ƙara buɗe ta. Kowa a gidan ya san tana nan, kowa zai ce maka "takardun Malam ne" ko "kayan Baba ne", amma tambayi me ke ciki sai ka ji shiru. To wannan bayani na wanda ya yi niyyar buɗe irin wannan adaka ne, kuma yana son ya yi aikin ba tare da ya ɓata abin da ya zo gyarawa ba, don gaskiya ɓarnar da masu son gyara ke yi wa tsofaffin takardu wani lokaci ta fi ta gara.

Kada ka ce ai namu ba gidan sarauta ba ne, ba gidan malamai ba ne, me za a samu. Abin da ake samu ke nan da ba shi a ko'ina. In ka je gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna za ka tarar da fayil-fayil na Lardin Sakkwato, waɗanda ake yi wa lamba da SOKPROF, amma wannan abin da Razdan da Di'o suka ga dama suka rubuta ne, da idonsu kuma don buƙatarsu. Ɓangarenmu yana cikin adaka. Rasit ɗin haraji da na jangali, takardar naɗin dagaci, wasiƙar ajami da wani ya aiko daga cin rani, fasfon wanda ya tafi Hajji ta ƙasa ta Sudan ya yi shekaru a hanya, littafin bashi na ɗan kasuwar Jega mai fataucin goro, katin jam'iyyar NPC ko NEPU, satifiket ɗin yaƙi da jahilci, littafin sallama na tsohon sojan da ya je yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne ka same shi a gida. Mutanen Yawuri da aka tayar daga tsibirai da bakin ruwa lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, takardun diyya da na sabon matsuguni suna hannun 'ya'yansu da jikokinsu. Haka manoman wajen Talatar Mafara da rikicin madatsar Bakolori na 1980 ya rutsa da su. Haka waɗanda suka yi harkar auduga da gyaɗa a Gusau bayan jirgin ƙasa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Rasit ɗaya ba komai ba ne, amma rasit talatin na mutum ɗaya a jere shekara bayan shekara zai gaya maka yadda haraji ya riƙa hawa, da sunan wanda ke karɓa, da shekarar da aka canja dagaci.

Kafin ka taɓa kwaɗon, nemi izini. Wannan shi ne matakin da matasa ke tsallakewa kuma shi ke rusa aikin gaba ɗaya, saboda da zarar an ga yaro ya shiga ɗakin marigayi shi kaɗai ya fito da takardu, abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne takardar gona yake nema ko ta gida. Je ka samu babban gida ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina son a ba ni dama in ɗauki hoton takardun marigayi don kar su lalace, ba zan fita da ko ɗaya ba, kuma ina son a haɗa ni da wanda zai zauna tare da ni." Wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗi, kai da kanka ka nemi shaida. In aka ce a'a yau, kar ka ja, ka bar shi ka dawo wani lokaci ta hannun wanda yake jin maganarsa. Kuma kar ka manta da cikin gida, sau da yawa Gwaggo ko Inna ce ta san inda makulli yake, ita ce ma ta san wace takarda aka cire aka kai wa wa, kuma tsofaffin mata da yawa a wannan yanki suna da nasu ƙunshin na waƙoƙin wa'azi na ajami irin na 'yan taru, wato mata almajiran Nana Asma'u, a ƙasan kwalla ko cikin lefe, wanda mazan gidan ba su ma san da shi ba.

Ranar buɗewa ka zaɓi rani, ba tsakiyar damina ba, kuma da safe, a inuwa inda iska ba ta kaɗawa. Shimfiɗa tabarma ka ɗora farin zane mai tsabta a kai. Kashe fanka. Wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe sarai, kar ka shafa mai, ka sa takunkumi saboda ƙurar tsohuwar takarda da fumfuna suna tayar da asma da tari. Ba shayi kusa, ba ruwan leda, ba biro, fensir kawai. Ka ɗan bubbuga jikin akwatin kafin ka cusa hannu, kunama na son irin wurin nan sosai.

Da ka ɗaga murfi, abu na farko ka ɗauki hoton cikin akwatin yadda ka same shi. Sannan ka danne zuciyarka, domin za ta ce maka ka ware wasiƙu gefe, rasitai gefe, littattafai gefe, hotuna gefe. Kar ka yi. Yadda mai kayan ya ajiye su shi ma bayani ne. Wasiƙu bakwai da ya ɗaure da zare ɗaya yana da dalilin haɗa su ko da kai ba ka gani ba tukuna, ƙila duk kan shari'ar gona ɗaya suke, kuma rasit ɗin da ka tsinta a tsakiyar wani littafi mai yiwuwa shi kaɗai ne zai nuna maka lokacin da ake karanta littafin. Ka riƙa ɗaukowa ƙunshi-ƙunshi daga sama zuwa ƙasa, kowane ƙunshi ka yanki 'yar farar takarda ka rubuta lamba da fensir, 1, 2, 3, ka ɗora a kai. Wanda ka samu a warwatse a ƙasan akwati ka ba shi lambarsa shi ma, ka rubuta "an same shi a warwatse".

Littattafan malamanmu na rubutun hannu su ne suka fi buƙatar hattara, don ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, a naɗe da igiyar fata a sa a gafaka, kuma yawanci ba lambar shafi. In suka zube maka shi ke nan ka shiga uku, sai dai akwai mafita. Juya warƙa ka dubi bayanta, can ƙasa ta hannun hagu za ka ga wata kalma guda ita kaɗai a rataye ƙarƙashin layin ƙarshe, wani lokaci a ɗan karkace. Wannan kalmar ita ce kalmar farko ta warƙar da ke bi mata. Da ita marubuta ke jera littafi, da ita kai ma za ka gane in akwai warƙar da ta ɓace, domin za ka ga kalmar ba ta yi daidai da farkon shafi na gaba ba. In ka ga haka kar ka yi ta jujjuya littafin kana neman gyarawa, sa 'yar takarda a wurin ka rubuta "akwai giɓi a nan", ka ci gaba. Ƙila warƙar tana cikin ƙunshi na 9, ƙila kuma tun 1950 wani almajiri ya are ta.

Wajen tsabtacewa abin da ake buƙata kaɗan ne. Burushi mai laushi sabo, irin na kwalliyar mata ya wadatar, ka share ƙura daga tsakiya zuwa baki. Kar tsumma mai ruwa ya kusanci rubutun, ka tuna tawadarmu ta gawayi da ƙaro ita ce dai wadda ake wankewa a allo, ɗigon ruwa ɗaya ko gumin yatsa zai tafi da layi. Akwai kuma wata tawadar da ke komawa ruwan ƙasa-ƙasa tana cin takarda har ka ga haruffan sun huje, irin wannan shafin kar ka ɗaga shi da yatsu biyu, zura farar takarda ƙarƙashinsa ka ɗauke shi a kanta. Allurar maƙala takarda da kilif da suka yi tsatsa ka cire a hankali, robar ɗaure kuɗi da ta narke ta manne ita ma haka, in ta ƙi fita ka bar ta. Takardar da aka ninke ta bushe ƙamas kar ka buɗe ta da ƙarfi, kuma don Allah kar a sa mata dutsen guga.

Sai babbar masifar zamaninmu, laminatin. Mutum zai ɗauki takardar naɗin kakansa ta shekara tamanin ya kai shagon kwamfuta a bakin kasuwa a cusa ta cikin inji mai zafi a rufe da roba, ya dawo yana murna wai ya adana. Zafin da gam ɗin suna shiga jikin takardar, bayan wasu shekaru ta fara yin rawaya daga ciki, in danshi ya samu kafa ta gefe ya shiga ba ya fita, kuma ba yadda za a yi a ɓare robar ba tare da ta taho da rubutun ba. Wanda ya yi laminatin ya yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Salatif ma ɗan'uwansa ne, duk wanda ya taɓa ganin tsohon satifiket da aka liƙe da shi ya san wannan tabon mai ruwan zuma da ke bari. Takarda in ta yage, sa gutsattsarin tare cikin farar takarda da aka ninke biyu, shi ke nan. In kana son abin ratayewa a falo, ɗauki hoto a buga maka shi, ka yi wa kwafin laminatin har sau goma in ka so.

Yanzu ɗaukar hoto. Wayar hannunka ta isa in kyamararta na da dama-dama. Goge gilashin kyamarar, kashe filashi, zauna kusa da ƙofa ko taga inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan takardar. Ka shimfiɗa baƙin kyalle ko wani mai duhu marar zane, wayar ta kasance daidai saman takardar ba a karkace ba, dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka kwantar da wayar a bakin benci ko ƙaramin tebur kyamarar ta leƙo ƙasa, ka danne ta da wani abu mai nauyi, takardar tana ƙasa, ka ga hannu ba zai yi rawa ba. Duk gefuna huɗu su fito a hoton. Ka ɗauki gaba da baya ko da bayan ba komai, ka ɗauki ambulan da kan sarkinsa da hatimin gidan waya, ka ɗauki tadarishi da gafaka. Hoton farko na kowane ƙunshi ya zama na 'yar takardar nan mai lamba, da haka ko hotuna dubu ne za ka san inda kowane ƙunshi ya fara. Manhajojin nan da ke mayar da takarda fara fat suna goge tabo, ka kashe wannan gyaran, don tare da tabon suke goge rubutun fensir da jan tawada da ƙananan bayanan da malamai ke yi a gefen shafi, waɗanda sau da yawa sun fi matanin kansa amfani ga mai tarihi.

Kuma kar ka ce ai na tura a WhatsApp na gida an adana. WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci sai in ka tura shi a matsayin fayil, kuma waya na faɗawa ruwa, ana sace ta. Ka sa hotunan wuri uku, kwamfuta ko memori ɗaya a gida, ɗaya a Google Drive wanda ke ba da 15GB kyauta, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa da ke wani gari daban. Filas ɗin kwamfuta na bakin titi mai arha da aka rubuta wa babban lamba a jiki ka yi hankali da shi, wasu na nuna sun karɓi kaya alhali ba abin da zai buɗu daga baya, ka kwafa sannan ka buɗe ka gani da idonka. Sunan fayil kuma ka sauƙaƙa, 03-012 na nufin ƙunshi na 3 hoto na 12.

Duk wannan da na lissafa rabin aiki ne, kuma shi ne rabin da zai iya jira. Wanda ba ya jira shi ne tsofaffi. Takarda in an ajiye ta da kyau za ta ƙara shekara hamsin, amma Gwaggon da ta san cewa "Mamman" ɗin da ke cikin wasiƙar nan ba Mamman na gidan ba ne, wani abokin fatauci ne daga Kamba, ba ta da wannan shekarun. Don haka ko ba ka gama ɗaukar hoto ba, ɗauki abin da ya samu ka je ka zauna gabanta ka kunna rikoda ta waya, da izininta. Fara da faɗin ranar da garin da sunan wanda ke magana, sannan ka nuna hoto ka yi tambaya gajera, "Gwaggo, wa ke nan?" "Wanga gida na wane ne?" ka yi shiru. Kar ka gyara mata, kar ka cika mata magana, ko ta yi kwana ta shiga labarin wani biki bar ta, a irin wannan kwanar ake samun abin da ba a zata ba. In bayanin mutum biyu ya saɓa, rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa, ba aikinka ba ne ka yanke yau.

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, da abin da ya faru suke auna ta, to kai ka riƙe 'yan ginshiƙai a ka. Kashe Sardauna Janairun 1966. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1 ga Janairun 1973. Kashe Murtala Fabrairun 1976. A Argungu ana iya aunawa da 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta zama mafarin bikin kamun kifi yadda aka san shi yanzu. Wannan ɗabi'a ta haɗa rubutu da bayanin dalilinsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya yi ta a Tazyinul Waraƙat a 1813, ya tattaro waƙoƙinsa yana faɗin abin da ke faruwa lokacin da ya yi kowace, shi ya sa har yau masu tarihin jihadi ba sa iya wuce littafin.

Takardar ma tana faɗin shekarunta in ka san inda za ka duba. In lissafin ciki da fam da sule da kwabo na da ne, kafin 1973 ce, in kuwa da wuri ake maganar, zambar kaza, to ka koma baya sosai. Kan takarda mai ɗauke da N.A., wato En'e, ta riga gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 ce zuwa 1976. Takardar Birnin Kebbi da aka buga wa Jihar Sakkwato tana tsakanin 1976 da 1991, ta Gusau kuma tsakanin 1976 da 1996. Kan sarki mai hoton Sarauniya Elizabeth bai riga 1953 ba. In shekarar Hijira aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1380 za ta ba ka 1960 da ɗoriya, kuskuren ba ya wuce shekara guda.

A littattafan hannu duba shafin ƙarshe inda marubuci ke cewa ya kammala da godiyar Allah, nan yake sa sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka rubuta wa. Shekarar kuma sau da yawa da ramzi ake sa ta, wato haruffa maimakon lamba, kuma lissafin Magariba malamanmu ke bi ba na Gabas ba, shinun 1000 ne, ra 200, sinun 300. Ka ga kenan shinun da ra na nufin 1200 da wani abu, shinun da sinun 1300 da wani abu. Amma a kula, shekarar da aka wallafa littafi daban, shekarar da aka kwafe shi daban, masu kwafi na kwafe har da ramzin mawallafi, don haka ganin 1228 a ƙarshen littafi ba ya nufin takardar da ke hannunka ta zamanin Shehu ce. Ɗaga warƙa ɗaya ka saita ta da hasken ƙofa. In ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar kamar inuwa, wannan takardar Italiya ce da aka daɗe ana shigowa da ita ta hamada, alama ce mai kyau, ka ɗauki hotonta haka da hasken a bayanta. In kuwa takarda mai layi ce ta littafin makaranta, ka san kwafin bai tsufa can ba, ko da yake wannan bai rage masa daraja ba in shi kaɗai ya rage.

Duk abin da ka gano ka zuba shi a littafi guda mai bango mai ƙarfi, lambar ƙunshi, mene ne, harshe da irin rubutu, wa ya rubuta wa wa, shekara in an sani, yawan warƙa, halin da yake ciki. Inda ba ka da tabbas sa alamar tambaya, kar ka cike da zato, zaton yau shi ke zama "tarihi" a bakin jikoki. Bayan hotuna kuma ka rubuta sunaye da fensir mai laushi, daga dama zuwa hagu ko akasin haka amma ka faɗi wanne. Kaset-kaset ma kar a zubar, akwai wa'azi da waƙoƙin fada da saƙon murya da matafiya ke aikowa, sai dai ka fara gwada rediyon da kaset marar amfani kar ta tauna maka mai muhimmanci.

Wajen mayarwa ajiya, kowane ƙunshi ka naɗe shi da farar takardar fotokwafi, ba jarida ba, jarida na rina abin da ta taɓa. Sannan farin kyallen auduga da aka wanke ba a sa sitati ba, don sitati abincin kyankyaso ne. Leda kar ta shiga maganar, tana riƙe gumi takarda ta yi fumfuna a ciki. Akwatin ƙarfen nan na da yana da kyau in bai yi tsatsa ba, ka shimfiɗa kyalle a ciki, takardu a kwance manya a ƙasa, kar a danna. Ka ɗora shi kan benci ko bulo, ka janye shi daga jikin bango kamar taƙi ɗaya yadda za ka ga hanyar gara tun tana fara gini, kuma ba a ɗakin da kwano ke yoyo ko wanda ke zama tanda a watan Afrilu ba, ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi. Kar a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan takarda, a fesa a ɗakin in ya zama dole. Busasshen ganyen dogon yaro da tsofaffi ke sawa ba laifi, amma a ƙulle shi a kyalle kar ya taɓa rubutu. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, tara su ka jefa a kusurwa. Ka buɗe ka duba kafin ruwan farko da kuma bayan an ɗauke ruwa.

Mu da ke bakin Gulbin Kabi da Neja mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi, don haka in ruwa ya taɓa takardu kar a baza su a rana, kuma kar a yi ƙoƙarin ɓare waɗanda suka manne. A shimfiɗa su a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa sa busasshiyar farar takarda tsakani ana canjawa, a yi da wuri don fumfuna ba ta wuce kwana biyu take kamawa. Su kuma 'yan'uwa a ƙauyukan Zamfara da wasu sassan Kebbi da matsalar tsaro ke tayarwa cikin dare, ba wanda zai ce su tsaya ɗaukar adaka, shi ya sa in kana da dangi a irin wuraren nan kuma takardun gidanku na can, a fara da su, a ɗauki hoto ko a matso da su gari tun ana zaune.

Ba duk abin da ka gani ne na Facebook ba. Za ka ci karo da takardar saki, bashin da ba a biya ba, maganar asalin wani gida da zamanin bauta, wasiƙar da ta zagi kakan maƙwabcinku. Za ka iya samun kundin Malam da laƙunƙuna da hatimai, wanda iyalai da yawa ba sa son a gani, kuma haƙƙinsu ne. Ka adana, ka rubuta a littafinka cewa akwai shi, amma fitarwa sai da shawarar manya. Takardun gona da fili kuwa ko hotonsu kar ya yi yawo. Abin da ban goyi baya ba shi ne ƙonawa. Na san ana ƙona takardu masu ayoyi ko a binne don girmamawa, niyya ce mai kyau, amma wasiƙun da duk da bisimilla suke farawa, in aka bi wannan ba abin da zai tsira, naɗe su a ɗaga sama ma girmamawa ce.

Sai rabon gado, inda tarin takardu ke mutuwa a rana ɗaya, wannan ya ɗauki rabin littafi ya tafi Kano, wancan ya ɗauki gafaka uku ya tafi Kwantagora, bayan shekara goma ba wanda ya san inda komai yake. Ka kawo shawara tun kafin a zauna, ko dai magada su yarda a bar takardun wuri ɗaya a matsayin waƙafi na zuri'a a rubuta a sa hannu da shaidu a naɗa mai kula, ko in dole sai an raba to a gama ɗaukar hoto tukuna, kowa ya samu kwafin duka, a rubuta ƙunshi kaza na hannun wane. A nan ne za ka buƙaci tuna wa mutane cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In gidan ba zai iya riƙewa ba, ko kuna son masana su amfana, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Arewa House a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, akwai Gidan Tarihin Kanta a Argungu, ga malaman tarihi da Larabci da Hausa a jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau da za su iya taimaka muku karanta abin da ya gagara. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, kuma a tsarinsu ainihin takardun ba sa barin ƙasarsu, sai dai irin wannan ta hannun jami'a ko wata cibiya ya fi sauƙin nema. Ko'ina za ka kai, je ka ga ɗakin ajiyarsu da idonka tukuna, in ka ga rufi na yoyo ka ba su hotuna ka riƙe na asali. Dillalan da ke zagayawa suna sayen tsofaffin littattafan hannu kuwa a sallame su da fatan alheri, dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

Ɗalibi ko mai bincike in ya zo, ya karanta a zaurenku ko ku ba shi hoto, ainihin takarda ba ta kwana a waje, "zan yi fotokwafi in dawo da ita gobe" ta cinye littattafai da yawa a ƙasar nan. In kuma cibiya za ku ba, a rubuta yarjejeniya kafin a ɗauki ko warƙa ɗaya, kyauta ce ko ajiya, in ajiya ce ta shekara nawa kuma wa ke da ikon karɓowa, waɗanne ƙunshi ne ba a buɗe wa kowa sai da izininku, za a kira tarin da sunan marigayi ko a'a, kuma za su ba ku kwafin duk hoton da suka ɗauka. A liƙa jerin ƙunshin da yawan warƙar kowanne a bayan yarjejeniyar, shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimin ofis ba wai ma'aikacin da kuka saba da shi kaɗai ba, kwafi ɗaya wurinsu, biyu wurinku a gida daban-daban.